Koci Hambali da Riga Mai Lamba Bakwai

Duk wanda ya saba zuwa miƙe ƙafa bakin tafkin Titiwangsa da safiyar Lahadi ya san muryar Dakta Hambali Usaini tun kafin ya san fuskarsa. Dogo ne siriri, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu, kullum da hular hana-salla da rana ta koɗar, da usur a wuya wanda ba kasafai yake hura shi ba. A ranakun aiki malami ne a jami'ar da ke Jalan Semarak, yana koyar da yadda ake gina magudanan ruwa, sana'ar da ba ta yankewa a garin da sama ke ɓarkewa kusan kowace la'asar. Ranar Lahadi kuwa shi ne kocin Biawak, ƙungiyar da ke buga ƙwallon Amurka, irin wadda ba a kayar da mutum ƙasa, sai dai a fizge ƙyallen da ke rataye a ƙugunsa. Biawak da harshen Malay guza ke nan. An ɗauko sunan ne daga guzan tafkin, wanda kan fito ya shanya jiki a rana yana kallon masu gudu kamar shi ya ba su aron wurin.

Mutumin Gwaram ne, kuma ɗan fari. A gidansu ɗan fari ba na uwa da uba ba ne. Ana yaye shi aka miƙa shi ɗakin kakarsa Inno, ita ta goya shi, ita ta shagwaɓa shi, ita ce ke tsayawa bakin zaure ta ƙwala kiran sunansa har unguwa ta ji. Mahaifinsa Malam Usaini kuwa har ya koma ga Allah bai taɓa furta sunan ba. In yana nemansa sai ya ce, ina yaron nan na wajen Inno? Ranar da Hambali ya zo na ɗaya a jarrabawar fita firamare, maƙwabta suka shigo barka, Malam Usaini ya kawar da kai ya ce, "Wannan? Sa'a dai ya yi." Maƙwabtan suka bushe da dariya, suka ƙara zuba wa yaron yabo, uban yana girgiza kai suna ƙara zubawa. Kowa a wurin ya san abin da ake nufi, har yaron. Bai taɓa kwana da tunanin ubansa ba ya son sa ba.

A 2010 asusun ilimi na gwamnati ya turo shi Kuala Lumpur ƙaro karatu. Ya sauka da matarsa Barira da 'yarsu Kamila, wadda ko famfara ba ta fara ba a lokacin. Ƙwallon Amurka kuwa ko a talabijin bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Wani abokin karatunsa ɗan Ipoh ne ya ja shi fili wata Lahadi, wai ba su cika ba. Hambali ya ga ƙwallo mai siffar gwanda, ya tambaya ko mota ce ta taka ta. Aka ɗaura masa ɗamara mai ƙyalle biyu, aka ce ya ruga can ya juyo. Ya ruga, ya juyo, gwiwa ta ƙi juyowa tare da shi. A ranar wasansa ya fara, a ranar ya ƙare, ɗingishin kuma ya samu wurin zama.

Da wani ne da ya ce a kai kasuwa. Shi kuwa Lahadin da ta biyo ya dawo da sanda, ya zauna gindin bishiya yana kallo. Abin da ya kama shi tsayawar da ake yi ce. A ƙwallon ƙafar da ya sani, in an take sai gudu. A nan kuwa a yi jifa ɗaya a tsaya, 'yan wasa su haɗa kai su yi ƙus-ƙus, kowa ya koma gurbinsa, a sake. Mai jifa ya karɓi ƙwallo, ya nemi wanda ya kuɓuce wa mai tsaronsa ya jefa masa, in aka kai ta bayan layin ƙarshe an ci. Hambali ya taso yana kallon dattawan Gwaram suna dara a ƙofar gida, don haka nan take ya gane abin. Dara ce, sai dai 'ya'yan wannan darar suna da ƙafafu, kuma suna musu.

Ya fara da jefo shawara daga gindin bishiya. In an tashi aka tafi mamak, wato shagon Indiyawa Musulmi, shan shayi, sai ya tattara murafan kwalba a kan tebur, ya jera su tsakanin kofuna: wannan kai ne, wannan mai tsaronka ne, in ka yi nan shi dole ya bi ka, nan kuma ya zama fayau. Tun ana yi masa dariya har aka koma ajiye masa murafan. Kafin ya gama digirin digirgir ba wanda ke kiran sa komai a filin sai Coach. Biawak, da a da ake gayyata gasa don a cika lissafi, ta ɗauki kofin birni, ta sake ɗauka, har abin ya fara gundurar sauran ƙungiyoyi. Jami'ar ta riƙe shi da koyarwa, waɗanda suka turo shi suka amince, zama ya miƙe. Aka haifi 'ya ta biyu, Murja.

In ka tambayi 'yan wasansa sirrin nasarar, ba murafan kwalba za su ambata maka ba. Suna za su ce. Hambali ya kawo gaisuwar Bahaushe fili, ya ɗora wa Malay da 'yan China da Indiyawa: ina gajiya, yaya mama, yaya ƙafar nan ta rannan, an samu aikin kuwa? Ya san sunan kowa cikakke, da unguwar da ya fito, da abin da ke damun sa. A lokacin wasa ba ya zagi, ba ya dogon bayani. Yana tsaye hannuwa a baya, sai daidai lokacin da ya kamata ɗan wasa ya waiga, ya ƙwala sunansa sau ɗaya. Yakan ce mutum ko a tsakiyar kasuwa yake, in ya ji sunansa sai ya juyo, in ya juyo kuwa ƙwallo na hanya. Har 'yan ƙungiyoyin da yake karawa da su ya haddace sunayensu.

Ƙungiyar mata ta zo daga baya, Kak Yati ce ta kawo ta. Malamar motsa jiki ce a wata sakandare, 'yar Kampung Baru, gajera, mai iya faɗa da dariya a numfashi ɗaya. Ta lura wasan ya dace da 'yan mata masu hijabi tunda babu kokawa a ciki, ta tara tsofaffin ɗalibanta da 'yan jami'a, ta zo ta tsaya gaban Hambali ta ce, "Coach, boleh?" Ya ce boleh, wato za a iya. Ta zama mataimakiyarsa.

Cikin waɗanda suka zo har da Kamila, wadda ta gama sakandare ta shiga kwaleji. A bakin filin nan ta tashi, ƙwallon ba baƙuwarta ba ce. Kuma Allah ya ba ta hannu. In ta saki ƙwallo sai ta tafi tana juyi kamar mazari, ta sauka a tafin mai kamawa ba tare da ta rage gudu ba. Kak Yati ta kalli jifa biyu ta ce an gama magana. Aka ba Kamila riga mai lamba bakwai, ta zama mai jifan ƙungiya.

Matsalar a nan take. A wannan wasa babu wanda koci ke magana da shi kamar mai jifa, ita kuwa mai jifan nan 'yar farinsa ce, kuma tun ranar suna bakin Hambali bai taɓa furta sunanta ba. A gida "ke" ce, ko "yayar Murja". A fili ta zama lamba. Sai a ji ya kira Siew Ling, ya kira Nurul, ya kira Devi, in aka zo kanta ya ce, "Seven!" Wani lokacin ma tana tsaye gabansa zai juya ya ce wa Kak Yati ta gaya wa lamba bakwai ta rage jinkiri. In ta yi jifan da fili ya ɗauki ihu, shi lokacin ne zai sunkuya ya gyara igiyar takalmi. 'Yan wasan suka ɗauka tsantsar adalci ne, kada a ce ya fifita tasa. Kamila ta daɗe da daina ɗaukar sa haka.

Ga kuma Murja a gida, wadda ke hawa wuyansa tana tuge masa hula, yana "Murjanatu sarkin rigima" yana dariya har da hawaye. Kamila tana gefe tana danna waya. In ya yi mata magana da Hausa ta amsa da Turanci, gajere, "Yes, Abba."

Barira 'yar cikin birnin Kano ce, ita ma da kunyarta ta zo, amma ta ajiye ta tun shekarar farko, ranar da yarinyar ta ɓace mata a tashar jirgi ta ga ba ta da abin kira sai sunan. Ta sha yi wa mijinta magana.

"Malam, nan fa ba Gwaram ba ce. Babu Inno a nan."

"Ai ta sani," in ji shi.

"Ta san me? Wa ya gaya mata?"

"Irin wannan ai ba a faɗa. Girma ne nake ba ta."

"To girman nan dai bai isa wajenta ba," in ji Barira, ta ci gaba da yankan kubewa.

Gaskiyar Barira ce. A Gwaram kunya ba ta barin yaro a sarari. Uba ya kawar da kai, kaka ta rungume, baffa ya ɗauka a wuya, goggo ta yi kirari, maƙwabta su fassara wa yaro shirun ubansa. A benen haya da ke bayan Jalan Semarak kuwa, in uba ya kawar da kai, ba kowa a wancan gefen sai bango. Hambali mutum ne mai gane inda ruwa zai bi tun kafin a yi hadari, amma wannan bai gan shi ba.

A shekarar da matan Biawak suka ɗauki kofi, aka gayyaci gasar birnin ta tura zaɓaɓɓun 'yan wasa wata gasa a Bangkok. Kamila ba ta yi maganar da kowa ba, amma Barira ta gan ta tana duba ko fasfo ɗinta na da sauran kwana. Masu shirya gasar suka tara kociyoyi wata Asabar da hantsi a wani kedai, wato ɗan gidan abinci, a Kampung Baru, aka jera nasi lemak, shinkafar kwakwa da gyaɗa, a ganyen ayaba, aka fara zagaye. Kowane koci ya wasa tasa. Kocin Kilat, ƙungiyar Subang, ya yi ta zuba a kan mai jifansa har shayinsa ya huce. Da aka zo kan Hambali, shugaban taron, wani dattijo mai gilashi, ya juyo da murmushi ya ce ai gurbin mai jifa ba sai an ɓata lokaci ba, Coach dai ya faɗa musu yadda yake ganin lamba bakwai.

Hambali ya ji idanu a kansa. Ya sunkuyar da kai, ya ture gyaɗa gefen ganye, ya ce da Turanci, "Waccan? Koyo take yi har yanzu. Bana dai ta yi sa'a."

Ya faɗa, ya jira. Jira yake a bushe da dariya, wani ya bugi tebur ya ce haba Dakta, wani ya tuno jifan da ta yi a wasan ƙarshe, a yi ta yabo yana girgiza kai har a fi ƙarfinsa. Haka ya san ana yi. Ba wanda ya yi dariya. Dattijon ya gyara gilashi, ya gyaɗa kai ya ce, "Coach knows best lah." Ya ƙara da cewa ba kowane uba ne zai iya faɗin gaskiya irin wannan a kan 'yarsa ba. Aka ba 'yar Kilat gurbin, aka kuma yaba wa Hambali adalci.

Ta ƙarƙashin tebur Kak Yati ta tokari ƙafar kujerarsa. In ya janye maganar yanzu ya zama uba mai roƙa wa 'yarsa gurbi a gaban mutane, wannan kuwa ko da wuƙa a wuya ba zai iya ba. Ya ƙarasa shinkafarsa, ba tare da ya ji ɗanɗanonta ba.

Labari ya riga shi isa gida. Ya shigo ruwan la'asar na dukan taga, ya tarar da Kamila tsaye a tsakiyar falo, rigar wasa a hannunta, Barira na bakin ƙofar kicin.

"Abba, you told them I'm still learning?"

Hambali ya cire hula, ya dubi matarsa. "Ki gaya mata ba haka nake nufi ba."

"Ga ni nan tsaye, Abba. I'm right here."

"Ke, ai kowa ya san yadda kike jifa."

"Kowa wa? Su ba su sani ba, kai suka tambaya." Ta nuna shi da rigar. "Kyanwar Kak Yati ma kana kiran ta Comel. Mai yanke ciyawar fili kana kiran sa Pak Rahim, har ka tambayi jikokinsa. Ni kuma ke, waccan, Seven."

Ya so ya ba ta labarin Malam Usaini da ranar jarrabawa, da yadda maƙwabta suka yi dariya. Da ya dubi fuskarta sai ya ga labarin ya yi wa falon nisa. Abin da ya iya fitarwa kawai shi ne, "Ba a yi ne. A wajenmu ba a yi."

"Okay, Coach," in ji ta. Ta ninke rigar da kyau, ta ɗora a hannun kujera, ta shige ɗaki.

Kilat ta daɗe tana zawarcin ta, kuma mai jifansu ta samu aiki a Penang bayan dawowa daga Bangkok. Kafin sabuwar kakar wasa Kamila ta koma Kilat. Ba ta bar gida ba, a tebur ɗaya ake cin tuwo, ta gaishe shi da safe ya amsa. Ranar Lahadi dai ita ta saɓa jaka ta nufi tashar jirgin ƙasa, shi ya tayar da mota ya nufi tafki, ba mai tambayar wani yadda aka tashi. Abin ya ci shi ƙwarai. Ya rame har abokan aiki suna tambayar ko azumi yake, amma ko Barira bai faɗa wa ba.

Matan Biawak suka sha wuya a kakar nan. Sabuwar mai jifan yarinyar kirki ce, sai dai in ta jefa sai an yi addu'a. Hambali ya koma kan tsaro, ya gina shi kamar yadda yake gina magudana, kowace kafa ya toshe. Da ƙyar da jiɓin goshi suka kai wasan ƙarshe. A ɗaya gefen Kilat ta zo tana ta lallasa mutane, kowa kuma ya san da hannun wa.

Lahadin da ta rage kafin wasan, bayan atisaye, ya tara masu tsaronsa a inuwa bakin tafki, ya zube murafan kwalba a kan benci. Bai yi tunanin ɓoye abin da ya sani ba. Koci ne, 'yan matan nan kuma amana ce a hannunsa. Ya ɗauki murfi ɗaya ya ajiye a tsakiya ya ce wannan mai jifan Kilat ce.

"In za ta yi dogon jifa, tana taɓa hijabinta wajen kunnen dama kafin a miƙo mata ƙwallo. Kuna ganin haka ku ja baya. In ta kalli hagu da sauri, dama za ta jefa. In ta daɗe tana kallo, to can ɗin ne da gaske. In kuka matsa mata ba ta ja da baya, gefe take zamewa, kullum hagu. Tun tana ƙarama in za a kama ta a yi mata wanka haka take zillewa. In ta yi kuskure za ta ciji leɓe, jifan da ke biye gajere ne, don ta huce. Kada wadda ta yi zaton za ta tsorata, ba ta tsoro. Tun da nake a garin nan ban ga mai jifa irinta ba, maza da mata."

Sai da ya kai nan ya ɗago kai. Siew Ling ta sunkuyar da kai. Kak Yati ta naɗe hannuwa a ƙirji tana kallon sa.

"Coach," in ji ta, "wannan maganar ina ta shiga ranar nasi lemak?"

Ya tattara murafansa ya zuba a aljihu.

Ranar wasan ƙarshe Hausawan Semarak suka fito kamar ana suna. Matan ɗalibai da 'ya'yansu suka shimfiɗa tabarmi, aka zo da filas na kunu da soyayyar doya, mafi yawansu ba su san dokar wasan ba, sun dai ji uba da 'ya za su kara. Barira ta zauna a bakin fili daidai tsakiya don kada a ce ta ɗauki gefe. Murja ta sa rigar Biawak da hular Kilat.

Rabin farko na Biawak ne. Kamila ta taɓa kunne, masu tsaro biyu suka ja baya, ƙwallo ta sauka a hannun Nurul. Kamila ta kalli hagu da sauri, kafin ta juyo dama an tsaya mata. Aka matsa mata ta zame hagu, ta tarar da Devi na jiran ta, aka fizge ƙyalle. Da aka sake cafke mata dogon jifa, sai ta tsaya cak a tsakiyar fili. Ta ɗaga hannu ta kai kunnen dama, ta sauke shi a hankali tana kallon yatsunta. Sannan ta ɗago ta dubi can gefen fili, inda mai koɗaɗɗiyar hula ke tsaye hannuwa a baya. Shi kuwa ya ɗaga kai sama yana duba ko za a yi ruwa.

Ita kanta ba ta san tana taɓa kunnen ba. Kocin Kilat bai sani ba, ƙawayenta ba su sani ba, uwar da ta haife ta ma ba ta lura ba. Wannan sai wanda ya yi shekara da shekaru yana kallon ta ta gefen ido.

Bayan hutu wasa ya canja. Ta daina kallon hagu da dama, ta zame dama a inda ake jiran ta a hagu, Kilat ta fara ramawa. Aka zo jifan ƙarshe Biawak na gaba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kamila ta tsaya bayan mai miƙo ƙwallo, ta ɗaga hannu ta taɓa kunnen dama, a fili, ba gaggawa. Masu tsaron Biawak suka ja baya kamar yadda aka koya musu. Hambali ne ya fara ganewa, ya buɗe baki zai ƙwala wa Nurul kira, ƙwallo ta riga shi. Gajeren jifa ne, ga wata da ke kusa ba kowa a kanta, ta kama ta sheƙa ta tsallake layi. Alƙalin wasa ya hura usur.

An ci Biawak, an ƙwace mata kofi, kocinta kuwa abin da ya ji a ƙirjinsa daɗi ne, daɗi tsantsa, har ya ji kunyar 'yan matansa da ke zaune a ciyawa suna kuka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kira sunan kowace, ya ce ta tashi ta yi ƙoƙari.

Al'adar gasar ce bayan wasa ƙungiyoyi biyu su jeru su wuce juna a gaisa. Hambali ba ya musabaha da mata, dafa ƙirji yake yi ya kira suna. 'Yan Kilat suka fara wucewa. Ya ce Aina, ya ce Mei Fong, ya ce Kavitha, kowace ta yi murmushi ta ce thank you, Coach. Kamila ce ta ƙarshe. Ta zo kanta a sunkuye, gumi ya jiƙa gefen hijabin, ta dafa ƙirji ta wuce shi da taki ɗaya. Mutanen Semarak na kan tabarmi suna kallo, cikinsu har da dattawan da suka san Gwaram da abin da ba a yi a can.

"Kamila."

Muryar da ke cika fili ce, amma a nan da ƙyar ta fito. Kamila ta tsaya. Ta waiga, ta dubi bayansa, ta dubi Kak Yati, ta dubi alƙalin wasa, tana neman wanda ya kira ta. Ba ta san yadda sunanta yake a bakinsa ba. Sai da ta rasa kowa sannan idonta ya dawo kansa, ta tarar yana kallon ta sosai, ba ta gefen ido ba.

"Na'am, Abba," in ji ta.

Bai shirya abin da zai biyo bayan sunan ba. Ya laluba aljihu, murafan kwalba suka yi ƙara. Can ya ce, "Kin karya kuwa da safe?"

"Ban karya ba."

"To ki ɗauko jakarki. A mota za ki koma."

A kan tabarma Barira ta buɗe jaka ta shiga neman abin da ba ta ajiye ba.

Kamila ba ta koma Biawak ba. Ta ce ta ba Kilat alkawari, shi kuma bai roƙe ta ba. Har yau ranar Lahadi hanyarsu daban, sai dai yanzu yakan sauke ta a tashar Titiwangsa kafin ya wuce tafki. A gida ma bakin bai gama sabawa ba, sau da yawa "ke" ce ke riga fitowa. Yana nan yana koci, hular ta ƙara koɗewa, matan Biawak suna ta fama da neman mai jifa.

Kwanan baya wata sabuwar 'yar wasa tana tona jakar kayan ƙungiya ta ci karo da riga mai lamba bakwai a ninke a ƙasa. Ta ɗaga ta, ta gwada a ƙirji, ta ce, "Coach, boleh?"

Hambali ya karɓi rigar, ya sake ninke ta, ya mayar inda take.

"Zaɓi wata," in ji shi. "Wannan ta Kamila ce."